Allurar cikin gwiwa bayan tiyatar huda: maganin raɗaɗi ce ko mai cinye guringuntsi?

Duk wanda likita ya sa wa ranar aikin gwiwa, kafin ranar ta zo sai ya ji labari iri biyu. Wani zai ce masa, "Kwantar da hankalinka, akwai allurar da suke yi a cikin gwiwar kafin su rufe, ƙanena ko uhum bai ce ba da ya farfaɗo." Wani kuma ya ja shi gefe ya ce, "Kada ka yarda su tsira maka allura a gaɓa, cinye ta take yi, a Amurka har kotu aka je." To, wanne za a ɗauka? Shin allurar tana kashe raɗaɗin da gaske? Har zuwa yaushe? Kuma me take bari a baya?

Kowanne cikin mutanen nan biyu yana da abin kamawa. Ruɗanin ya samo asali ne daga kalmar "allura", wadda a bakinmu guda ce, alhali a asibiti abubuwa uku ne daban: akwai wadda ake yi sau ɗaya a ƙarshen aiki, akwai ɗan famfon da ke ɗiga magani cikin gaɓa kwana biyu zuwa uku, akwai kuma allurar sitiroyid, maganin kwantar da kumburi, da ake maimaita wa masu ciwon gwiwa na tsufa. Wanda ya cakuɗa su wuri ɗaya, ko dai ya tsorata da abin da bai kai a tsorata ba, ko ya sakankance da abin da ba zai kai shi asuba ba.

Wace irin tiyata ake nufi?

Likitoci suna kiranta atiroskofi. Maimakon a tsaga gwiwa a buɗe ta, sai a yi huda biyu ko uku, kowacce ba ta fi faɗin farcen ƙaramin yatsa ba. Ta ɗaya a zura siririn bututu mai kaurin kamar milimita 4, mai fitila da kyamara, ta ɗayar kuma a zura kayan aiki. Ana cika gaɓar da ruwan gishiri irin na ƙarin ruwa don ta buɗe, likita yana kallon cikinta a allo. Da haka ake datse ko a ɗinke meniskus, wato matashin guringuntsin da ke tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri. Da haka ake ciro ɓaraguzan da ke yawo a gaɓa, ko a sake jijiyar ACL, wato igiyar da ke riƙe ƙashin cinya da na ƙwauri a cikin gwiwa, wadda masu bin labarin ƙwallon ƙafa suka san ta da zaunar da ɗan wasa wata da watanni.

A Japan fasahar ta girma. Kenji Takagi ya leƙa cikin gwiwar gawa da na'urar duba mafitsara a Tokiyo a 1918, sannan ɗalibinsa Masaki Watanabe ya gyara na'urar har ya datse meniskus da ita a 1962. Yau ana yin aikin a manyan asibitocin ƙashi irin na Dala a Kano da Igbobi a Legas, wasu kuma a Indiya ko Masar ake yi musu.

Abin da ya sa batun raɗaɗi ya zama babba shi ne yawanci ba a kwantar da mutum. A yi aiki da safe, da yamma a ce a tafi gida. Babu nas da za ta zo da allura ƙarfe biyun dare. Wannan ne ya sa likitoci suka nemi abin da za su bari a cikin gwiwar ya ci gaba da aiki bayan an rabu.

Daga ina raɗaɗin ke fitowa?

A 1998 wani likitan ƙashi na San Faransisko a Amurka, Scott Dye, ya wallafa sakamakon wani gwaji da ya yi a jikinsa, wanda ni dai ko da kuɗi ba zan yarda a yi mini ba. Ya sa abokin aikinsa ya shiga cikin gwiwoyinsa da kyamara da ɗan ƙarfen taɓawa, idonsa biyu, an kashe masa fatar wurin hudar kawai, ba a zuba komai a cikin gaɓar ba. Ana taɓa sashe yana faɗin abin da ya ji. Da aka taɓa guringuntsin da ke bayan ƙoƙon gwiwa, bai ji komai ba. Da aka taɓa tantanin da ya lulluɓe cikin gaɓar, da dunƙulen kitsen da ke ƙasan ƙoƙon gwiwa, sai raɗaɗi mai tsanani.

A riƙe wannan, don shi ne mabuɗin dukan maganar. Guringuntsin gaɓa ba shi da jijiyar jin zafi, ba shi da hanyar jini. Raɗaɗin bayan aiki daga tantani yake, da kitsen, da wuraren huda, da ramin da aka haƙa a ƙashi idan aikin ACL ne. Amma idan aka zuba magani a cikin gaɓa, ba ya zaɓen inda zai je. Yana jiƙa abin da ke ciwo, yana kuma jiƙa guringuntsin da bai kawo ƙarar kowa ba. Idan maganin ya cutar da shi, mutum ba zai ji a lokacin ba, kuma guringuntsi ba ya tohowa kamar fata.

Me ake zubawa, kuma yaya tasirinsa?

Mafi yawa maganin kashe wuri ne, dangin wanda likitan haƙori ke yi kafin ya cire haƙori. Lidokain yana kamawa da wuri ya saki da wuri. Bufibakain, wanda aka fi sani da sunan Marcaine, ya fi daɗewa, shi ya sa aka fi amfani da shi. Sai ƙaninsa rofibakain da ya shigo kasuwa a 1996. Dukansu hanya ɗaya suke bi: su toshe jijiya kada ta kai wa ƙwaƙwalwa saƙon zafi.

Suna aiki. Gwaje-gwajen da aka kwatanta su da ruwan gishiri sun nuna raɗaɗi yana raguwa, mutum yana daɗewa kafin ya nemi ƙwaya. Sai dai ragin matsakaici ne, kuma na sa'o'i ne. Wannan shi ne abin da ba a cika gaya wa majinyaci ba. Yana farfaɗowa da sauran allurar baya ko ta barci a jikinsa, ga maganin cikin gwiwa yana kan ganiyarsa, sai ya ɗauka an gama. 'Yan dubiya su cika ɗaki, ya miƙe ya nuna musu yana takawa. Can cikin dare magani ya saki, kumburi ya kai inda zai kai, sai a fara cewa likita ya ɓata aiki. Aiki bai ɓaci ba, aron sa'o'i aka yi kuma wa'adi ya cika.

Akwai ƙananan abubuwa da ake ƙarawa, irin su kulonidin, da ketorolak, da magniziyam, kowanne da masu yabonsa. Wanda ya fi su tarihi shi ne mofin, maganin kashe ciwo mai ƙarfi da ke iya sa maye.

Labarin mofin

An daɗe ana ɗauka mofin a ƙwaƙwalwa da laka kawai yake aiki. Sai a 1991 Christoph Stein da abokan aikinsa a birnin Munik na Jamus suka wallafa cewa miligiram 1 kacal na mofin, idan aka zuba a gwiwa bayan tiyatar huda, yana rage raɗaɗi fiye da idan aka ba da shi ta jijiyar jini. Hujjarsu ita ce jijiyoyin da ke wurin kumburi su ma suna da makamar da mofin ke kamawa. Labarin ya yi daɗin ji. Ga magani mai ƙarfi, an ba da ɗan kaɗan, a wurin ciwon kai tsaye, babu maye, babu amai, babu fargabar numfashi ya tsaya. Gwaje-gwaje suka yi ta biyo baya, asibitoci da yawa suka ɗauka.

Daga baya aka fara duba gwaje-gwajen da idon basira. Leiv Arne Rosseland da abokan aikinsa a Oslo ta ƙasar Norwe suka lura da wani abu mai sauƙi: da yawa cikin waɗanda aka yi wa wannan aiki raɗaɗinsu bai taka kara ya karya ba tun farko. Idan ka ba wanda ba ya jin ciwo magani, ya ce ba ya jin ciwo, me ka gano? Sai suka jira har majinyata suka farfaɗo, suka ware masu jin ciwo sosai, sannan suka yi musu allurar. A 2004 suka ba da rahoton cewa ruwan gishiri zalla, ba magani a ciki, shi ma ya sauƙaƙa raɗaɗin. A 2005 Rosseland ya bi gwaje-gwajen mofin ɗaya bayan ɗaya, ya ce masu inganci a cikinsu ba su nuna amfani ba. A 2016 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta tace binciken likitanci, ta haɗa gwaje-gwaje 28 masu mutum fiye da 2,500, ta ce ƙanana ne, ingancinsu ya yi ƙasa, kuma ba ta ga shaidar cewa mofin a gwiwa ya fi allurar da ba magani a ciki ba.

Ana cikin haka wani abin kunya ya ƙara dagula ruwan. A 2009 aka gano cewa Scott Reuben, wani fitaccen likitan sa barci a jihar Masacusets ta Amurka, ya ƙirƙiri alƙaluma a takardun bincike aƙalla 21, wasunsu kan kashe raɗaɗi bayan aikin gwiwa. An janye takardun, shi kuma kotu ta yanke masa ɗaurin wata shida a 2010. Shekara da shekaru likitoci suna kafa hujja da majinyatan da wasunsu ba a taɓa haifarsu ba.

Wannan bai sa mofin a gwiwa ya zama guba ba, kuma har yau akwai ƙwararrun da ke haɗa shi da bufibakain suna ganin amfaninsa. A ganina dai, idan likita ya sa, babu abin tayar da hankali, idan kuma bai sa ba, majinyaci bai yi asarar komai ba.

To, ina zancen cinye guringuntsi ya samo asali?

Daga kafaɗa ya fito, ba daga gwiwa ba. A farkon shekarun 2000 aka yi yayin wani ɗan famfo a Amurka. A gama aiki, a bar siririn bututu a cikin gaɓa, famfon ya yi ta ɗiga bufibakain awa 48 zuwa 72. Majinyata sun ji daɗinsa. Bayan wasu watanni sai matasa masu ƙoshin lafiya suka fara dawowa da kafaɗa a sandare, tana ciwo, hoto ya nuna guringuntsin ya narke, ƙashi na gogar ƙashi. A watan Nuwamban 2009 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, takwarar NAFDAC a Najeriya, ta fitar da gargaɗi bayan ta duba rahoton mutum 35, 'yan shekara 16 zuwa 58. Kusan dukansu a kafaɗa ne, kuma fiye da rabinsu sai da aka sake yi musu wani aikin, har da waɗanda aka canja wa gaɓar ɗungurungum. Ƙararrakin kotun da ake ba da labari daga nan suka fito.

A cikin gargaɗin, hukumar ta bambanta famfon da allurar sau ɗaya, ta ce an shafe shekaru ana yin ta sau ɗaya ba tare da an kawo rahoton irin wannan narkewa ba. Wannan ne ɓangaren da mai ba da labari a majalisa ke mantawa.

Amma maganar ba ta mutu a nan ba. A ɗakin bincike, idan aka jiƙa ƙwayoyin halittar guringuntsi a cikin waɗannan magunguna, wasu suna mutuwa, kuma ɓarnar tana ƙaruwa da ƙarfin maganin da tsawon lokacin da ya zauna. Bufibakain mai ƙarfin kashi 0.5 cikin ɗari ya fi rofibakain ɓarna a irin wannan gwaji. A nan likitoci suka rabu biyu. Wasu suka ce gwiwar mai rai ba kwanon gwaji ba ce: gaɓa ce babba, ruwanta yana tsarma maganin, jini yana kwashe shi cikin sa'o'i, ga miliyoyin mutane an yi musu ba a ga annoba ba. Wasu suka ce tunda amfanin na sa'o'i ne, guringuntsin kuma na har abada ne, me ya kai mu? Irin waɗannan sukan tsira maganin a fata da naman da ke kewaye da hudar kawai, ko su koma rofibakain mai rauni, ko a kashe jijiyar da ke tsakiyar cinya da taimakon na'urar sikanin. Ita ma kashe jijiyar tana da nata haɗarin: idan aka yi ta a matsematsi, naman cinya kan saki, mutum ya miƙe ƙafa ta ƙi ɗaukarsa.

Ni na fi karkata ga masu taka-tsantsan idan majinyacin matashi ne, ko aikin gyaran guringuntsin kansa ne. Famfo a cikin gaɓa kuwa, babu wata muhawara da ta rage a kansa.

Akwai wani haɗarin da ba na guringuntsi ba, mai wuyar faruwa amma mai sauri. Idan maganin ya shiga jini da yawa, mutum zai ji ɗanɗanon ƙarfe a baki, leɓe ya mutu, kunne ya yi ƙara, daga nan sai jijjiga ko bugun zuciya ya rikice. Shi ya sa ake auna shi da nauyin jiki, shi ya sa kuma wannan allura ta ɗakin tiyata ce, ba ta bayan kantin kemis ba.

Sitiroyid

Yana kwantar da kumburi, don haka wasu likitoci kan ƙara shi a ƙarshen aiki. Farashinsa biyu ne. Yana rage wa wurin ƙarfin yaƙi da ƙwayoyin cuta, kuma ruɓar gaɓa, ko da yake ba ta kai mutum ɗaya cikin ɗari ba bayan wannan aiki, masifa ce idan ta zo. Yana kuma ɗaga sugan masu ciwon suga na 'yan kwanaki. Game da maimaitawa, wani gwaji na mutum 140 a Boston da aka wallafa a 2017 ya yi wa masu zaizayar gwiwa allurar tiramsinolon, wani nau'in sitiroyid, duk mako 12 har shekara biyu. Guringuntsinsu ya fi na waɗanda aka yi wa ruwan gishiri zaizayewa, ciwon kuma bai fi nasu sauƙi ba. Duk wanda aka yi wa irin wannan allura a watannin da suka gabaci tiyata, ya faɗa wa likitansa kafin a shiga.

"Allura ta fi ƙwaya"

Mu mutane ne masu girmama allura. Tsohuwa ta je asibiti a ba ta ƙwayoyi, ta dawo tana cewa ba a duba ta ba. Wannan ɗabi'a tana da tsada a bayan aikin gwiwa, domin abin da ke riƙe mutum a kwana ukun farko shi ne ƙwayoyin nan da muke rainawa. A Kanada an gwada mutum 200 da aka yi wa tiyatar huda a gwiwa ko kafaɗa, aka wallafa a 2022. Rabi aka sallame su da magunguna dangin mofin kamar yadda aka saba, rabi aka ba su farasitamol da nafuroksen da bayani kan yadda za su sha. Rukuni na biyu sun sha dangin mofin kaɗan ƙwarai, kuma ba su fi na farko jin ciwo ba.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Mun ga abin da tiramadol da kodin suka yi wa matasa, har gwamnatin Najeriya ta hana maganin tari mai kodin a 2018. Allurar fentazosin ma ta kama mutane da dama da suka fara ta da sunan ciwo na gaskiya. Wanda magani ya sake shi da tsakar dare ba tare da shiri ba, shi ne ake aika yaro ya taso mai kemis ya zo ya yi masa "mai ƙarfi". Gobe ma haka, jibi ma haka.

Su ma ƙwayoyin ba alewa ba ne. Ibufurofen, diklofenak da nafuroksen gida ɗaya suka fito, ba a haɗa biyu, kuma mai gyambon ciki, ko ciwon ƙoda, ko mai shan maganin tsinka jini, sai da izinin likita. Farasitamol kada ya wuce giram 4 a yini ga babba, a kuma lura da magungunan mura da ke ɗauke da shi a ciki.

Tambayar da ta riga allura

Kafin a yi gardamar me za a zuba a gwiwa, akwai tambayar ko ya kamata a shiga gwiwar ma. A 2002 Bruce Moseley ya wallafa gwajin mutum 180 masu zaizayar gwiwa a birnin Huston. Wasu an wanke musu gaɓa an kankare, wasu kuma an ɗan yanki fatarsu kawai aka ɗinke, ba su san ba a yi komai ba. Bayan shekara biyu babu bambanci. A 2013 aka samu irin wannan sakamako a Finlan kan mutum 146 da meniskus ɗinsu ya yage saboda shekaru. Aikin yana da gurbinsa ga wanda ya ji rauni, ko wanda gwiwarsa ke maƙalewa ta ƙi miƙewa, ko wanda ACL ɗinsa ta tsinke. Amma dattijon da aka ce ya sayar da gona a "wanke masa gwiwa" da kyamara, ya nemi ra'ayin likita na biyu, ya kuma tambayi batun gashin ƙashi na asibiti da motsa gaɓa da rage ƙiba.

Daren farko a gida

Tun kafin a shiga ɗakin tiyata, ba rashin kunya ba ne majinyaci ko ɗan uwansa ya ce, "Likita, me za a sa mini a gwiwar, sau ɗaya ne, kuma ƙarfe nawa zai sake ni?" Daga amsar sai a tsara dare. A sha ƙwayar farko tun ciwon bai dawo ba, a ci gaba bisa agogo kwana biyu ko uku. A ɗora ƙafar kan matashi ta ɗara ƙirji tsawo. A naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora minti 15 zuwa 20, kada ta taɓa fata kai tsaye, kada bandeji ya jiƙe. A riƙa motsa idon sawu sama da ƙasa don jini ya gudana. Kada a bari kowa ya murza gwiwar ko ya gasa ta da ruwan zafi, komai ƙwarewarsa a ɗori.

Masallaci da banɗakin tsuguno su ne jarrabawar gwiwar Bahaushe. Durƙuso da zaman tahiya suna naɗe ta har ƙarshe, kuma wanda aka ɗinke wa meniskus akan hana shi wannan makonni da dama. Salla a zaune rangwame ne da shari'a ta bayar tun hadisin Imrana ɗan Husaini, kujerar bayan gida kuwa ana samunta a kasuwa.

Ciwon da ke raguwa kullum, na aikin ne. Wanda ya lafa sannan ya dawo da ƙarfi bayan 'yan kwanaki, da zazzaɓi, gwiwa ta yi zafi ta kumbura, ko ruwa na fita daga hudar, wannan a koma asibitin da aka yi aikin a ranar. Haka idan sha-raɓa ta kumbura tana ciwo. Idan kuwa ƙirji ya riƙe ko numfashi ya yi wuya, gudan jini ake tsoro, ba a jiran gari ya waye.